Hannun Hagu na Yaya a Kan Katafila

Ni da yayana muka sayi katafilarmu a gwanjo tun muna da baƙin gashi. Da ita muka buɗe wa manoma hanyoyin gona daga Iku har bayan Garam, muka tuge kututture, muka haƙa wa Fulani wurin shayar da shanu. Tsohuwar ƙira ce, ba makulli balle batir. Wani ɗan injin fetur ne manne a bayan babban injin gas. Shi ake fara tayarwa da igiya, sannan a ja wani hannun ƙarfe, ya tura ƙaramin giya ya ciji haƙoran babban injin, ya yi ta juya shi har ya kama. Akwai 'yan ƙugiyoyi biyu masu riƙe giyan kada ya koma baya kafin lokaci. Namu sun cinye tun kafin ta zo hannunmu. Da babban injin ya yi tari ɗaya sai giyan ya fizge, a koma farko.

Ba mu taɓa gyarawa ba. Yaya ke tsayawa a kan sarƙar da katafilar ke tafiya a kanta ya danne hannun ƙarfen da damansa, ni kuwa ina kula da ba ta mai. Kunnensa ke gaya masa lokacin saki. In ya makara, babban injin zai ja ƙaramin ya tarwatsa shi, amma bai taɓa makara ba. Duk Iku an san mutum ɗaya ba ya tayar da katafilar nan.

Wata safiya ya faɗi yana alwala, ɓarin damansa ya shanye. Ƙafar ta ɗan dawo, hannun bai dawo ba, harshe kuma ya yi nauyi, sai mai haƙuri ke gane maganarsa. 'Ya'yansa suna sonsa, ban ce ba sa sonsa ba, amma haƙurin ne ba su da shi. Kafin ya kai rabin magana sun ƙarasa masa. Baba ya gaji, Baba ya ƙoshi, Baba ya ce a gaishe ku. Mutum yana zaune da idonsa biyu ana raba masa ra'ayi kamar goro. Abin nan ya ci mini rai ƙwarai.

Babban ɗansa, mai aiki a Abuja, shi ya same ni a filinmu inda katafilar ke ajiye. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Baffa, filis, a fuskanci gaskiya. Abin nan ya zama sikirab. 'Yan gwangwan za su zo su yanka shi, mu zuba ɗakunan haya a wurin. Baba ya yarda."

Na ce, "Da bakinsa ya faɗa?"

"Ya gyaɗa kai. Kuma ai ba ta tashi sai da shi, shi kuwa ya gama hawa."

Na ce masa yayana yana gyaɗa kai in an ce masa ga koko, yana gyaɗawa in ƙuda ya dame shi. Sai na ji amsarsa da kaina, kafin nan ko ƙusa ɗaya ba za a cire ba.

Washegari na kwaso sifanu. Giyan yana can ciki ƙarƙashin ɗan injin fetur, sai an ɗaga shi gaba ɗaya. Na kafa sanduna uku, na rataya sarƙa, na janye shi sama, notuna suna kuka saboda tsatsa, ni ma ina zaginsu. Da na zaro giyan na wanke shi da kananzir, sai na ga ɓarnar. Bakin ƙugiyoyin ya shafe sumul kamar tsohon cokali, sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar da ke tsakaninsu, shi ma ya mutu. Na zaga Gauraka shago shago, masu kayan gyara suna ta dariya, wani ma ya tambaye ni ko na jirgin ƙasa ne. Wani tsohon mai walda ne ya yi mini ciko a bakin, na zauna gindin mangwaro da magagari ina ci kaɗan kaɗan har suka sake yin kaifi. Sifirin kuwa daga wani mataccen injin niƙa na samo.

Saitin ne ya wahalar da ni. In na sassauta noti giyan ya fizge da wuri, in na matse ya ƙi saki. Na kwance na ɗaura har yatsuna suka fashe. Ranar da ya riƙe, ya kuma saki da kansa daidai lokacin da babban injin ya kama, ban ji daɗin da na zata ba. Na tayar da ita ni kaɗai, sai na ji kamar na ci abinci a ɓoye.

Na ɗauko shatar keke na je gidan Yaya. Matarsa ta ce likita ya hana, na ce likita bai hana shan iska ba. Muna isa filin sai ga ɗan nasa da magini, har sun kafa turaku sun ja igiya, sun fitar da fasalin ɗakuna a gaban katafilar. Ya rugo yana cewa, "Baffa, don Allah, zai faɗi!" Ban kula shi ba. Ni da mai keken muka ɗora Yaya a kan sarƙa, na tokare shi da kafaɗa.

Na ja igiya. Ya miƙa hagunsa ya ja hannun ƙarfen, ya shirya dannewa, sai ya ji abin ya zauna da kansa. Babban injin ya yi tari, ya kama, giyan ya saki ba tare da shi ba. Ya juyo ya dube ni, idonsa ya yi ja. A hankali ya haɗa maganar, ni kuma na jira shi har ya kai ƙarshe.

"Wa ya ce ka gyara?"

Kunya ta kama ni, haushi ma ya kama ni. Na ce, "Yaya, ba tsayuwa a kan sarƙa na kawo ka ba. Hau kujera."

Katafila ba ta da sitiyari. Sanduna biyu ne a gaban direba, ta hagu ta juya ta hagu, ta dama ta juya ta dama. Muka matsu a kujera ɗaya, tsofaffi biyu ramammu, shi a hagu ni a dama. Na sa giya, na ce masa a kunne, "An ce ka yarda a yanka ta. Ga hanyar fita a dama, in ka yarda zan kai musu da kaina."

Na ɗauke hannuna daga sandata, na ɗora a cinya.

Ya kama tasa ya ja har ƙirji. Katafila ta karkata hagu, ta hau kan turakun nan ɗaya bayan ɗaya, igiyar magini ta nannaɗe a sarƙa. Bai saki ba. Muka zagayo muka sake bi ta kansu, yana wani irin sauti da na jima kafin na gane dariya ce. Ɗansa ya bi mu da gudu, sannan ya tsaya, ya zuba wa ubansa ido.

Da na kashe injin, yaron ya matso jikin sarƙa, ya cire hula. Ya ce, "Baba, me kake so a yi?" Yaya ya fara haɗa amsa, harshen yana sarƙewa. Magini ya buɗe baki zai taya shi, yaron ya ɗaga masa hannu ya ce, "Bari ya gama."