Ranar da Na Zauna Gaban Matar da Na Kaɗe

Akwai wata safiyar Talata da ko tsufa ya rikita ni ba za ta fita raina ba. Ni mahauci ne, kullum ina ɗauko nama daga mayankar Etoudi a kan moto, wato babur. Ran nan na makara, ina ta zuba gudu, sai a wata kwana cikin Briqueterie na kaɗe wata tsohuwa Kirista mai sayar da fanke. Na waiwaya, na gan ta a ƙasa, na ƙara wuta. Wallahi har yau kunya nake ji.

Hannunta ya karye. 'Ya'yanta suka kai ƙara komisariya, wato ofishin 'yan sanda, kuma kowa ya san wanda ya kaɗe mutum ya gudu gidan yari zai nufa. Ga mata, ga yara huɗu, ba mai nemo musu sai ni.

A shekarar ne gwamnati ta fara tallafa wa kwamitin sulhun unguwarmu. Ta ba su ɗaki da tafinta, da magatakarda wanda 'yan sanda ke amincewa da takardarsa. Ni ne kan gaba wajen yi musu ba'a, wai tsofaffi sun sami wurin shan shayi kyauta. To, sai ga ni a hannunsu.

Shugaban, wani tsohon tela mai sanyin murya, ya sa aka fitar da kujeru aka shimfiɗa tabarma, don kada wani ya zauna sama da wani. Dokarsa ɗaya ce: wanda aka cuta shi zai fara magana, ba mai katse shi. Ni kuwa na haddace uzurina tsaf, birki ne, santsin hanya ne.

Tsohuwar ta yi magana da Faransanci, tafinta yana juyawa. Ta ce, "Karayar ba ta yi mini ciwo kamar waiwayen ba. Ka gan ni, ɗana, ka tafi."

Uzurina duka ya watse. Na ce, "Mama, na gan ki. Tsoro ne ya kore ni. Ki yafe mini." Ƙato da ni, sai hawaye.

'Ya'yan suka dage sai an ɗaure ni. Shugaban bai musa musu ba, ya dai tambaye ta abin da ita take so. Ta ce ɗaurina ba zai kwaɓa mata fulawa ba. Aka rubuta cewa zan ɗauki nauyin maganinta, in riƙa zuwa gidanta a Ekoudou kowace safiya ina kwaɓa mata fulawa har ta warke. 'Ya'yan suka janye ƙarar.

Wata biyu ina wannan aiki. Fanken farko ya fito kamar dutse, ta yi mini faɗa kamar ita ta haife ni.

Abin da na koya shi ne, tallafin da ke zaunar da mai laifi gaban wanda ya cuta ba asara ba ne. Da kurkuku aka kai ni, da na fito ina ganin ni aka zalunta, ban taɓa ce mata ta yafe mini ba.