Filin da Maigidana Ya Fasa Batir

Ni ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata, malamar makaranta, ita ke rubuta wannan, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana.

Shekara da shekaru maigidana, Allah ya jiƙansa, yana fasa tsofaffin batiran mota a filinmu na Jambutu. Ya zubar da ruwan a ƙasa, ya narka darmar a kasko, ya binne ɓawon a rami. Da wannan sana'a muka ci, da ita muka aurar da 'ya'ya. Ciyawa ba ta fita a wurin. Awakina biyu sun lashi ƙasar, suka mutu. Daga baya shi ma hannunsa ya soma rawa, ko kofin shayi sai na riƙe masa. Har yau in na ga kofin nan kuka nake yi, ba na ɓoyewa.

Bayan na fita takaba, ƙaninsa ya zo da wani mutum mai son gina makarantar ƙananan yara a filin. Sun riga sun zuba jar ƙasa tifa-tifa, wuri ya yi kyau kamar ba a taɓa yin komai a kansa ba. Ashe doka ta ce filin da aka yi irin wannan aiki sai an duba shi, an kwashe ƙasar da ta lalace, kafin a yi gini. Shi ya sa suka zo mini da takarda da tawada.

"Adda, dangwala yatsa kawai za ki yi," in ji ƙanin, don Adda yake kirana, wato yaya, maigidana kuma Hamma.

"Me takardar ta ce?"

"Ta ce filin gona ne tun asali."

"Gona? Me Hammanka ya taɓa shukawa a can, batir?"

Baƙon ya yi dariya, ƙanin bai yi ba. Ya ce, "Haba Adda, so kike ki tona wa mamaci asiri?"

Na ce, "Shi ya ɓata ƙasar bai sani ba. Ni na sani. Ka san yara, komai suka taɓa sai baki. Ba zan ƙara masa nauyi a kabari ba." Na naɗe hannuna cikin mayafi har suka tashi.

Washegari na tafi ofishin masu kula da muhalli, na kawo su filin. Na nuna musu ramukan da ƙafata, na ce su haƙa. Ba su kai zurfin gwiwa ba ɓawon batir ya fito, baƙi ƙirin, yana wari. Aka kafa allo, aka ce babu gini sai an kwashe ƙasar.

Tun ranar dangin maigidana suka daina gaishe ni. Da aka yi suna a gidan ƙanin nan, ko goro ba a aiko mini ba. Na ɗaura sabon zanena na tafi, na zauna a tsakiyar mata, na ce a miƙo mini jaririn, na yi masa addu'a da ƙarfi kowa ya ji.