Liƙin Anti Saratu a Cikin Fiyano

Cikin duk ranakun da na yi ina kula da zauren taro na unguwar Ladywood a nan ƙasar Turawa, wata Asabar ce ba ta fita raina. Lokacin gwamnati ta matse kasafin council, wato ƙaramar hukumarmu, an rage mu daga mutum biyar zuwa ni kaɗai, kuma an ce ƙarshen wata za a rufe zauren. Ni ne mai jera kujeru, ni ne mai fitila, ni ne mai gadi.

Rifkatu, 'yar wata nas 'yar Kafanchan, ta kama zauren don ta kaɗa fiyano ita kaɗai. Makarantar kiɗan da take nema ta ce ta aiko bidiyon wasanta a gaban jama'a, ɗauka ɗaya, ba yanka. Wa'adin kuwa Litinin.

Ga wanda bai san aikin ba: da safe mai saita sauti yake zuwa ya ɗaure wayoyin fiyano, a ɗaga murfi, daga nan ba mai taɓawa. Masu sauraro kuma shiru suke yi, ko tari sai an daure. Duk na shirya wannan. 'Yan cocinsu suka cika mota tun daga unguwar Moss Side a wani gari, cikinsu har da ƙanwar babanta, Anti Saratu.

Rifkatu ta shiga wani kiɗa mai sanyi, zauren ya yi tsit. Sai na hango Anti Saratu ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta nufi dandamali tana rangaji. Wallahi kafin in tare ta, ta riga ta isa. Ta rangaɗa guɗa, ta fara yi wa yarinyar liƙi a goshi. Takardun kuɗin suka zame, biyu suka faɗa cikin fiyano kan wayoyi, sauti ya koma zizar ƙudan zuma. Mata suka ɗauki tafi.

Yarinyar nan ba ta tsaya ba. Haka ta kai ƙarshe, fuskarta kamar an yi mata mutuwa.

Da aka watse na same ta a ɗakin ajiye kujeru. Ta ce, "Uncle, za a iya ba ni hall ɗin gobe? Ko one hour?" Na kira shugabata, ta ce babu kuɗin buɗewa ranar Lahadi, magana ta ƙare. Ban taɓa jin kunyar aikina kamar ranar ba.

Muna nan sai ga Anti Saratu tana murna. Ta dubi idon yarinyar ta ce, "Rifkatu, na yi wani abu ne?"

Rifkatu ta durƙusa ta ce, "A'a, Anti. Na gode."

Shi ya sa nake gaya wa yaran da nake koya wa aiki yanzu: saita fiyano shi ne mai sauƙi. Ku tsaya a bakin ƙofa ku yi wa mutanenmu bayani kafin su zauna, domin wanda zai ɓata taro yawanci shi ne ya fi kowa son mai taron. Rifkatu ba ta shiga makarantar ba a shekarar, kuma har Anti Saratu ta rasu ba wanda ya gaya mata dalili.