Hannun Irmtraud

Duk layinsu a garin Kassel na Jamus an san Irmtraud Pohlmann da tsafta da cika alkawari. Amma ba wanda ya taɓa ganin ta rungumi wani.

Tun tana ƙarama aka sa ta a ƙungiyar 'yan mata ta jam'iyyar Nazi: farar riga, kitso biyu, fareti rana da ruwa. A can aka koya musu raino da 'yar tsana. Shugabarsu takan ce, "Uwar soja ba ta lallashi. In ya yi kuka, ja masa ƙofa. Nono sai agogo ya ce." Irmtraud kuwa uwar biyayya ce, ita ta zo ta ɗaya.

Da ta haifi Eckhard ana tsakiyar yaƙi, tiryan-tiryan ta bi darasin. Yaro na tsala ihu a ɗaki, ita tana waje tana shanya, nono na jiƙa mata riga, tana cije leɓe. Wai tana gina namiji! Yaƙi ya cinye mijinta, Eckhard ya girma yana miƙa mata hannu su gaisa kamar baƙo.

Da aka haifa masa 'ya, Silke, sai Irmtraud ta ƙwallafa rai a riƙa bar mata ita in shi da matarsa sun tafi aiki. Ta roƙa har ta gaji. Ran wata Lahadi ya kawo ta, ya ce, "To, mu gani, Mama."

Jaririya ta fashe da kuka. Irmtraud ta tsaya a kanta ƙiƙam, hannu ya ƙi motsi, idonta kuma ya kai kan agogon bango. Eckhard na kallo. Kunya ta rufe ta har wuya.

Ya ɗauki 'yarsa, ya kwantar a ƙirji, yana jijjigawa yana 'yar waƙa. Nan da nan ta yi shiru.

"A ina ka koyi wannan?" in ji Irmtraud.

"Wajen Frau Wendt mana. Kina fita layin burodi take shigowa ta ƙofar baya. Har na yi wayo tana yi."

Frau Wendt! Tsohuwar maƙwabciyar da Irmtraud ta daina gaisarwa har ta mutu, wai tana shagwaɓa yara.

Irmtraud ta miƙa hannu za ta karɓi jikarta. Eckhard ya naɗe jaririyar cikin bargo.

"Gara in tafi da ita, Mama. Ba ta saba jira ba."