Takardar Fanna da Wutar Kaka

Ni ne ɗan fari a gidanmu da ke Gure, kuma a wancan zamanin ɗan fari ba shi da suna a bakin iyayensa. Baba malami ne, yana rubuta wa mutane littattafai da hannu. In zai aike ni sai ya ce, "Kai, wancan." Inna kuwa ko ido ba ma haɗawa. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, uwar Baba. Kunya ce, kowa ya sani. Ni kaɗai ne ban sani ba, ina ɗan shekara bakwai. Na ɗauka ƙiyayya ce.

Da sanyi ya shigo, Kaka kan hura wuta a tsakar ɗakinta da karan gero, ta binne gujiya a toka, yaran maƙwabta su cika tabarma. Ni ne a gindin ƙafarta. "Matso, maigidana marar wando," in ji ta, "ko sadaki ba ka biya ba sai cin gujiyata." Sannan ta gyara murya, tatsuniya ta zo. Ba na jin maraici a wurin nan sai in na tuna da Fanna.

Fanna ƙanwata ce, ba ta cika shekara uku ba. Ban taɓa ganin ɗan mutum mai son takarda kamarta ba. Da Baba ya kwance igiyar gafaka sai ta saki duk abin da ke hannunta, ta haye cinyarsa, ta ɗora yatsa kan jan wasali tana bi, tana gwalan-gwalan da baki wai karatu take. Baba ya yi ta dariya har haƙoransa su bayyana. Takarda tana da tsada, sai fatake sun kawo daga Kano, amma ya ɗauki warƙa guda sukutum ya rubuta mata baƙaƙe manya-manya, ya yi mata zayyana ja da rawaya a tsakiya. Da ita take kwana. Da rana Inna ta zaunar da ita a jikinta suna nuna baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Ni ina bakin zaure ina kallo, da allona da aka daɗe ba a wanke ba.

Wata rana bayan magariba, Kaka ta hura wuta ta fita ɗaure akuya. Yara ba su taru ba tukuna. Inna ta shigo da Fanna, ta ajiye ta nesa da murhu, ta dubi bango ta ce, "A duba ta," ta koma sauke tuwo. Fanna ta tako har gabana, ta miƙo mini takardarta da hannu biyu.

"Yaya, kayanta."

Karanta take nufi. Allah shaida ne, ba ta yi mini komai ba sai wannan. Na fizge takardar na jefa cikin wuta.

Ba ta tsaya kuka ba. Ta bi ta da gudu, ta cusa hannun dama cikin garwashi ta damƙe. Ƙarar da ta yi har yau tana kunnena, da ƙaurin. Baba ya faɗo ɗakin, ya sure ta, ya ɓamɓare yatsun da ƙyar, baƙar takarda ta fito tare da fata. Ya juyo kaina, ido jawur.

"Wa ya bar ta a nan?"

Na ce, "Inna ce ta ajiye ta bakin wuta ta tafi."

Ban taɓa ganin Baba ya ɗaga wa mace hannu ba sai ranar. Kaka ta shigo da gudu, ya miƙa mata yarinyar, ya zari igiyar guga ya ninka. Inna na durƙushe a tsakar gida, igiya na sauka a bayanta, zanenta ya jiƙe da jini. Ba ta ce uffan ba, ba ta dube ni ba. Sai da Kaka ta shiga tsakani, bugun ƙarshe ya fasa mata damtse, ta ce, "To gama da ni, tunda ni na haifi wannan hannun." Sannan ya yar da igiyar. Washegari Inna ta goya Fanna ta tafi gidansu a Gidigir. Wata huɗu ta yi.

Dare na uku da tafiyarsu, Kaka ta hura wuta, ta kori yaran maƙwabta. Ba gujiya. Ta ce, "Ga wata tatsuniya nan ta zo, kai kaɗai za ka ji ta."

Wani maharbi ne, in ji ta, yana zaune kusa da kogon Dodo. Dodon nan ba ya iya kama dabba sai ya san sunanta. In ya kira ta da suna, da ƙafarta za ta je masa. Maharbin yana da karnuka biyu. Ɗan kwikwiyon, maharbi yana wasa da shi yana kiran sunansa, don bai isa lomar Dodo ba. Babban kuwa, wanda da shi yake taƙama, bai taɓa kiran sunansa a fili ba, sai dai ya jefa masa nama ya kau da kai. Babban kare ya ce a ransa ba a son sa. Ran nan ya kama ƙafar kwikwiyon ya tauna har ƙashi ya ruɓushe. Maharbi ya fito a gigice, ya manta da kansa, ya kwarma sunan babban kare da ƙarfi. Dodo ya ji. Ya kira sau ɗaya, kare ya tafi da ƙafarsa. Da safe maharbi ya tsinci kai a nan, wutsiya a can, ya zauna yana kuka, yana ta kiran sunan da ya ɓoye shekara da shekaru.

Na jira ta ce ƙurunƙus. Ba ta ce ba. Ta taɓa tsumman da ke damtsenta ta ce, "Wannan ba ni zan rufe ta ba. Mai ita ya sani."

Na gane sarai, amma ban rufe ba. Tsoron igiya ya hana ni, daga baya kunya, daga baya sabo. Kaka ta rasu, Baba ya rasu, Inna ta bi shi, duk bakina a ɗinke. Baba ya tafi kabari da hakkin matarsa a wuyansa, kuma ni na rataya masa.

Fanna ta girma da yatsu uku a manne. Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma ta fi ni karatu nesa ba kusa ba, matan unguwa a wurinta suke ɗaukar darasi. Sai da furfura ta cika mini gemu na je na durƙusa gabanta, tana zaune da gafakar Baba a cinya, na faɗa mata komai.

Ta ce, "Yaya, ai na sani. Inna ta gaya mini ranar da za a kai ni ɗakin miji. Ta hango ka ta ƙofa lokacin da ka jefa."

Na ce, "To me ya hana ta faɗa?"

"Ta ce bayanta ya fi naka ƙwari."

Kuka ya ƙwace mini. Matar da na rantse ba ta so na, wadda ba ta taɓa kiran sunana ba har ta bar duniya.

Fanna ta turo mini gafakar da lafiyayyen hannunta. "Bar kukan nan, tsoho da kai. Warƙoƙin Baba sun tsufa, hannu ɗaya yana yaga su. Zauna nan ka riƙa juya mini."

Tun daga ranar, kowace hantsi ina can ina juyawa, tana karantawa.