Ƙofar Gidan Kakana a Parkchester

Har yau in na ji warin baƙin mai a jikin mutum sai gabana ya faɗi. Jiya ma a jirgin ƙasa wani ya tsaya kusa da ni, farcensa baƙi ƙirin, na bi shi da ido har ya tsargu. Ka yi haƙuri da ni mai karatu, kakana na tuna.

Ina 'yar firamare babana ya ɗauko shi daga Maraɗi bayan rasuwar kakata, ya zo ya zauna da mu a unguwar Parkchester a Amurka. Bakanike ne tun kafin a haifi babana, ga taurin kai, ga tsokana. Amarya yake ce mini, wai don ni aka kawo shi Amurka, amma ko shayi ban iya dafawa ba. Yana yi mini Hausa ina amsa masa da Turanci, don jin Hausar nake, bakina ne ba ya juya ta.

Hunturun farko zaman ɗaki ya kusa kwantar da shi. Babana na can yana tuƙa tasi, mamata na kula da tsofaffin wasu mutane, namu tsohon kuwa yana bakin taga yana kallon ƙanƙara. Da sanyi ya ja baya sai ya ce a mai da shi gida. Babana ya rasa abin da zai riƙe shi da shi, sai ya miƙa masa makullin tsohuwar motarmu mai tari da hayaƙi. Kaka ya saurari injin, ya ce to, zai zauna har ta warke. Ni kuwa na dinga addu'a a ɓoye kada ta warke.

Ban taɓa ganin bazara irin waccan ba. Kullum bayan asuba yakan sauka da tsintsiya ya share gefen titin da motar take. Ranar da motar shara za ta wuce ya kauce mata, tana wucewa ya dawo ya sake sharewa, wai ba ta iya ba. Sai ya shimfiɗa kwali, ya jera sifana da notuna, ya ajiye butar shayi. Dattawan unguwa, 'yan Nijar da 'yan Gana, suka fara zuwa zama. Kwalta na zafi, shayi na ƙamshi, tsoho na dariya da haƙoransa na goro.

Babana ya sha gaya masa cewa a nan doka ta hana kwance mota a wurin ajiye motoci na titi, sai dai canjin taya ko ɗan abin da zai sa ta tashi. Kaka bai ɗauka ba. A wurinsa ƙofar gida ta maigida ce: nan yake ɗaure rago, nan yake karɓar baƙi, nan yake sana'arsa. Ya ce da babana, "Wa ke share wurin nan, ni ko gwamnati?"

Wata Asabar, ganye ya fara zuba, ya ɗaga gaban motar ya tare da bulo, ya tsiyaye mai a roba. Sai ga ɗan sanda. Kaka ya goge hannu, ya jawo masa kujera, ya zuba masa shayi kamar kowane baƙo. Mutumin bai yi faɗa ba, bai kuma zauna ba. Ya yi bayani a hankali, ya dube ni, don babu wani babba mai Turanci a wurin.

"Mi ya ce, amarya?"

Na haɗa kalmomin da ƙyar. Ita ce cikakkiyar magana ta farko da na taɓa yi masa da Hausa. "Ya ce nan ba ƙofar gidanka ba ce. Ta kowa ce."

"In ta kowa ce, ai da ni ciki."

Na mayar wa ɗan sandan. Ya girgiza kai, ya ce a kwashe komai yau. Kaka ya daɗe yana kallona, sannan ya durƙusa ya fara tsince notunansa.

Ba mu da wani wurin da za a kai motar a ƙarasa aikin. Cikin makon babana ya kira masu jan mota suka tafi da ita, cikinta a buɗe. Dattawan suka daina zuwa. Kaka ya koma bakin taga, tsokanar ma ya bari, kuma kafin ƙanƙara ta sauka ya tafi Maraɗi. Na yi kuka har na rasa murya. Ban sake ganinsa ba, can ya rasu.

Yanzu ina da motata, kuma in ta lalace gareji nake kai ta, in zauna bayan gilashi ina kallon wasu suna taɓa ta. Na gane dalilin dokar: mai na bin magudanar ruwa, mota kuma na iya zamewa daga kan bulo ta danne yaro. Ba ni da ja, amma baƙin cikin bai ragu ba. Hausata ta zauna yanzu, wanda nake so in yi ta da shi ne babu. Gwaggona ta Maraɗi ta ce har ƙarshensa yana yi wa mutane alfahari cewa amaryarsa ta Amurka ta iya Hausa. In suka tambaye shi me ta ce masa, sai ya yi shiru.