Sifiri Ɗaya da Kawu Bai Gani Ba

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya shekara ashirin da shida yana aiki a wata kwalejin horar da malamai. Sukudireba suke ce masa a can, saboda wata 'yar sukudireba mai jan kai da ba ta rabuwa da aljihun rigarsa, ko dubiya zai je asibiti.

Da gyaran rediyo ya fara, a wani shago ƙarƙashin bene. Daga nan kwalejin ta ɗauke shi gyaran tafireta. Da zamanin tafireta ya wuce aka kawo kwamfutoci, aka rasa mai kula da su, ya ce a ba shi wata uku. Ya zauna da littafi da ƙamus, ya kwance ɗaya, ya mayar, ya sake kwancewa, har hannunsa ya faɗa.

Ɗakin aikinsa yana hawa na biyu, can ƙarshen baranda. Kwamfuta sittin ne a jere, layi shida, da fanka huɗu, ɗaya ba ta juyawa tun zuwansa. Teburinsa yana bayan ƙofa, da kwalin wayoyi a ƙasa da butar shayi a sama.

Babban aikinsa na lokacin hutu ne. Ɗalibai suna tafiya sai ya share kwamfutocin ya sake shirya su. Kafin ya zuba musu komai, sai ya raba faifan ajiyar kowacce gida huɗu: ɗan ƙarami na tayar da na'ura, ɗaya na manhajoji, ɗaya na aikin ɗalibai, sai na darussan malamai, wanda ba a taɓawa. Da hannu yake yi, yana buga girman kowane kashi, kwamfuta bayan kwamfuta. Kwana huɗu cur yake ɗauka, kuma ba ya son a yi masa magana yana ciki.

Shekara uku kafin ya yi ritaya, mako biyu da komawa karatu, ɗalibai suka fara ƙorafin wasu kwamfutoci suna cewa wuri ya cika. Shugabar sashen, wadda kowa ke kira Injiniya, ta duba. Sa'ar 'yarsa ce, kuma Baba take ce masa.

“Baba, zo ka ga wani abu,” in ji ta.

Ya zo ya sunkuya, hancinsa ya kusa taɓa allon. A kwamfutoci har tara, inda ya kamata ya ba ɗalibai wurin ajiya giga ɗari biyu, ashirin ya buga. Sifiri ɗaya ya tsere masa, kuma ya duba a lokacin bai gani ba.

Injiniya ba ta ce komai a kan kuskuren ba. Sai ta ce, “Tun yaushe idon yake haka?”

“Wane ido?”

“Haba, Baba.”

Ya ciro sukudirebar ya mayar. “Tun bara,” ya ce.

A gida ma an daɗe da sani. Matarsa ta yi shekaru tana ba da magani a asibiti, shi ya sa yake tsokanar ta da Likita. Ta ce ita tun ranar da ya tsiyaya shayi a gefen kofi ya ce teburin ne ya karkace ta gane, tana jira ne ya gaji da ɓoyo. Ta tasa shi gaba zuwa asibitin ido. Aka ce yanar ido ce, za a yi aiki, amma layi sai bayan wata biyar. Hutu kuwa saura wata uku.

Injiniya ta ce ita za ta raba faifan wannan karon. Kawu ya ce ya gode, amma yana da tambaya. Tunda lambobin nan huɗu ba sa canjawa, ba yadda za a rubuta su sau ɗaya, na'urar ta riƙa karantawa da kanta? Ta ce akwai. Ta nuna masa wani tarin umarni da masu rubuta manhaja suka riga suka tanada don raba faifai. Nasa kawai ya rubuta tsarin da yake so a fayil, sannan ya haɗa 'yar manhajar da za ta karanta fayil ɗin ta miƙa musu.

Mako biyar ya yi a kai, kullum bayan an tashi daga aji. Ya ƙara girman rubutun allonsa har layi takwas ke cika shi. A fayil ɗin kowane kashi da layinsa: sunansa, girmansa, irinsa, da ko a share shi ko a bar shi.

Wata Asabar da hantsi na kai musu ziyara, na tarar ya bugo fayil ɗin a takarda, Likita tana karanto masa a falo, shi kuma ya lumshe ido yana gyaɗa kai.

Da ta gama ta ce, “To, Malam, in ka danna sai ta hau yanka kawai?”

“Ai amfanin ke nan.”

“Ban yarda ba. Ni ban taɓa miƙa wa mutum magani ban karanto masa sunansa da adadin ba. Ta fara faɗa maka abin da za ta yi, da faifan da za ta taɓa, ka ce e tukuna.”

“Kin ji Likita,” ya ce da ni, “ta fara ba kwamfuta magani.”

Muka yi dariya, amma ranar Litinin ya ƙara abin da ta ce. Manhajar takan jero tsarin da manyan baƙaƙe, ta rubuta girman da kalmomi, ɗari biyu, ba lamba kaɗai ba, sannan ta tsaya jira.

Da hutu ya zo ya zuba ta a filash, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ya fara da kwamfutar kusa da ƙofa. Ya karanta, ya buga e. Kafin ruwan shayinsa ya tafasa ta gama. Sittin ɗin duka a yini ɗaya ya kammala, kashin malamai ko ƙwarzane babu. Ya dawo gida da wuri ya rasa abin yi, ya kwance injin markaɗen Likita da lafiyarsa ƙalau.

An yi masa aikin idon, yana gani tangaran, amma bai koma bugawa da hannu ba. Da ya yi ritaya ya bar wa Injiniya filash ɗin da takarda shafi biyu.

Kwanan baya ina gidan Injiniya ta kira shi a waya. Ta ce akwai wani layi a ƙasan fayil ɗin da ya rubuta “kar a cire” a kansa, kuma ta rasa amfaninsa. Kawu ya daɗe yana tunani, yana sosa ƙeya. Can ya tuna: na wasu tsofaffin kwamfutoci uku ne na bakin taga, masu ƙaramin faifai.

“Baba, ai waɗannan an kwashe su tun bara.”

“To cire shi mana, 'yata,” ya ce. “Ya mutanen gida?”

Suka shiga hirar 'yar Injiniya da ta fara tafiya, har Likita ta leƙo ta ce abinci yana hucewa.